Wuri Ɗaya a Ɗakin Yanka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar da ta daɗe ba ta ga fuskar kawunta ba. Yaya gwiwar, yaya kunnen? Yaya Goggo? Inna ta ce in gaya maka fushi take yi, wai ɗan baffanta ɗaya ya rage mata a duniya, shi ma tun da ya ajiye aiki ya koma can ya manta hanyar gidanta. Mu dai lafiya lau muke. Ni ce kawai bayana ke ɗan damuna da yamma, ƙafafuna kuma su kumbura, amma duk wanda ya wuni tsaye a teburin guga ba ya rasa wannan. Da na kwanta yake wucewa.

Na ɗauko biro ne maimakon waya don na san in na kira ka "na'am? me kika ce?" za mu yi ta yi har in gaji. Labarin kuwa mai daɗi ne. Kamfaninmu na ɗinki zai tura mutane kwas a babbar masana'anta, kuma sunana ya fito.

Tsarin ba irin na zamaninku ba ne. Kafin a tafi, kowa zai zauna da shugaban sashe, wannan da kake kira yaronka, su biyu kawai. Zai tambaye ka me kake so ka iya in ka dawo, ku tattauna, abin da kuka tsayar a rubuta ku sa hannu. Masu koyarwa a can abin da aka rubuta za su koya maka, ba ƙari. A ɗakin yanka kuma wuri ɗaya tak suka ba mu.

Kawu, wurin nan nake so. Ka san ɗakin fiye da ni. Duk lokacin hutu ina bakin ƙofarsa ina kallon yadda ake shimfiɗa yadi hawa-hawa a kan dogon teburi, a jera kwalayen da ake bin siffarsu a yanka hannu da wuya da gaban riga, a matsa wannan a juya wancan, har ƙyallen da zai zube ya kasa cika tafin hannu. A gida da tsofaffin jaridu nake gwadawa, Inna tana faɗa wai na mayar mata da ɗaki bola. Na riga na shirya maganata. Zan ce masa ina so in dawo na iya jera kwali ba ɓarnar yadi, kuma na iya riƙe injin yanka ni kaɗai ba mai tsaya mini a kai.

Doguwa, wadda take guga a teburin da ke kusa da nawa, dariya take yi mini, wai na haddace jawabi sai ka ce mai neman kujerar mulki. Ta yi ta yi. Na gaji da tururi a fuska, na gaji da goge rigunan da wasu suka yanka.

Kai ka samo mini aikin nan, ban manta ba. Yanzu addu'arka kawai nake nema.

'Yarka mai guga.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, domin an koya mini in gaida manya ko da raina a ɓace yake. Ina fatan kana lafiya kai da Goggo. Inna lafiyarta ƙalau. Ban jira amsarka ba, don amsarka ta riga ta same ni ta bakin wani.

An yi zaman. Na hau ofishin shugaban sashe, ɗakin gilashin nan da ake hango masu ɗinki ta cikinsa, maganata a shirye. Ina shiga ya miƙe ya jawo mini kujerarsa mai katifa, shi ya koma kan ta katako. Nan na fara shan jinin jikina, don mutumin nan ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Ya ce, "Zauna a hankali. Yaya bayan naki?"

Na ce, "Wane baya, yallaɓai?"

Ya ce, "Haba, ki daina ɓoyewa. Kawunki ya kira ni. Ya ce kina fama sosai, ƙafa har kumbura take yi, kunya ce ta hana ki faɗa. Ya ce in tausaya miki in ba ki abin da za ki yi a zaune."

Sai ya turo mini takardar. Ashe ya riga ya cike ta kafin in zo: ninke riguna, sa su a leda, shirya su a kwali. Abin da zan bar uwata in tafi wani gari in koyo ke nan, ninki! Ni da nake ninke kaya tun kafin in iya ɗaura ɗankwali.

Na ce, "Yallaɓai, yanka nake so."

Ya girgiza kai ya ce, "Yanka? Wuni ake yi a tsaye ana sunkuyo, ga wuƙa tana gudu a hannu. In bayan ya riƙe ki a tsakiyar aiki fa? Ni ba zan ɗauki wannan a wuyana ba. Mutumin da ya koya mini aiki ne ya roƙe ni, da wane ido zan dube shi?"

Na rantse masa lafiyata lau. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro mai zazzaɓi in ya ce shi ya warke. Ban sa hannu ba. Ya ce in je in yi tunani, na sauko matakala ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga masu ɗinki duk sun ɗago suna kallona.

Kawu, wa ya aike ka? Na cika maka takarda da abin da nake so, ka tsallake duka ka tsinci layi biyu na gaisuwa ka yi aiki da su. Ba haka ake rubuta wasiƙa ba? A faɗi lafiya, sannan a shiga magana. Kai ma kullum da gwiwarka kake farawa, na taɓa kiran wani na ce a kwantar da kai asibiti? Ashe kunnen ne kawai ba ya jin waya, bakin yana aiki sarai. Na tabbata ko da ya so ya ce maka "bari in tambaye ta tukuna", ba ka ji ba, ka gama naka ka kashe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tun da na shiga kamfanin nan ba wanda ya taɓa tambayata me nake so. Goge wannan, ɗauko wancan, yi sauri mota na jira. Rana ɗaya aka ware don a tambaye ni, na je na tarar an riga an amsa. Zaman nawa ne, Kawu, ba naka ba.

Ka yafe mini in na ɗaga murya. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan ce maka bai ɓaci ba.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwar Musu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwar da kika ambata cikin gatse, tana nan tana aikinta. Goggonki tana gaishe ki, ta ce a gaida Innarki.

Takardarki ta zo tuntuni. Na ajiye ta ban amsa ba, don da na amsa a ranar, da abin da zan rubuta ba zai karantu ba. Har Goggonki na ba ta ta sake karanta mini, ko idona ne yake mini gizo. Ashe ba gizo ba ne, 'yar da na ɗauka a kafaɗa ce take tambayata wa ya aike ni.

To bari in gaya miki wanda ya aike ni. Na san matan gidanmu. In ɗayarku ta ce abu yana "ɗan damunta", to ta kusa faɗuwa ne. Uwarki haka ta yi ta cewa kanta na ɗan sara mata, sai ɗaukarta aka yi zuwa asibiti. Kakarki ma haka. Ni kuma in ga kin rubuta ƙafa tana kumbura, in naɗe hannu? Kin san injin da kike mafarkin nan? Ni na yi shekaru ina gyara shi. A gabana ya taɓa wani mutum mai ƙarfi kamar bijimin sa, don kawai jiri ya ɗebe shi na ƙiftawar ido, yau da hagu yake cin abinci. Ke a bakin ƙofa kike kallo, ni na wanke teburin.

Wannan zama da kike ta kuka a kansa, ni ban gane masa ba. A zamaninmu shugaba ya ce je ka koyi kaza, ka ce to, kuma ba mu lalace ba. Yanzu wai sai an zaunar da yarinya an tambaye ta ra'ayinta, in babba ya sa baki ya zama mai laifi. Yarona ya yi abin da ya kamata, ya girmama wanda ya girme shi. Ke ce ba ki yi ba.

Amma na ji. Tunda kin rantse lafiyarki lau, kuma yanka kike so ko sama da ƙasa za su haɗe, za ki samu. Ni na ɗaure, ni zan kwance. Ba zan bari a ce na tare wa 'yar 'yar'uwata hanya ba. Ki zuba ido kawai, ki kuma koyi yadda ake rubuta wa manya.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, direban da ke kai yadi wajenku yana jirana a bakin ƙofa. Kowa lafiya. Don girman Allah kada ka kira kowa. Na karanta "ki zuba ido" sai na ɗauko biro nan take.

Ka daɗe ba ka amsa ba, abubuwa sun wuce inda ka san su. Da na ƙi sa hannu a kan ninki, lokaci kuma ya matso, shugaban sashe ya cire sunana daga tafiyar, ya kira Doguwa ya ba ta wurin yanka. Ita da farko ko cikin masu tafiya ba ta.

Ka san abin da ta yi? Kafin ta amsa masa sai da ta sauko ta same ni a bayan tukunyar tururi. Ta ce, "Ke, in ranki zai ɓaci, wallahi yanzu zan koma in ce ba na so." Na dube ta, idonta ya kawo ruwa. Ashe duk dariyar da take mini, ita ma ɗakin nan take hange, ba ta dai taɓa zaton wani zai tambaye ta ba. Ta riga ni zuwa teburin guga da shekaru, 'ya'yanta a wuyanta suke tun da mijinta ya kwanta. Na ce mata ta karɓa. Ba da daɗin rai na faɗa ba, na koma gida na yi kuka har Inna ta tsorata, amma na faɗa.

Sun yi zamansu, an tambaye ta, ta amsa da bakinta. Ta gaya wa 'ya'yanta, ta gaya wa maƙwabta, ta nemo ƙanwarta ta zo ta riƙe mata gida. Duk ɗakin guga ana ta yi mata murna.

Ni kuma na sake hawa ofishin nan ba tare da an kira ni ba. Na ce masa, "Yallaɓai, Kawu ubana ne, amma ba shi ke tsayuwa a teburin ba. In kana shakkar lafiyata ka dube ni ina aiki." Sai ya ce na yi gaskiya, shi ma ya yi garaje. Ya yi mini alkawarin in za a sake tura wasu, ni da shi za mu zauna daga farko, takarda fara, ba kiran kowa. Ban san yaushe ba ne, amma da bakina na samo wannan, kuma ya fi mini komai.

Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka na huce. Ka ce ka san matan gidanmu. Wataƙila ka san Inna da kakata, ni dai ba ka tsaya ka san ni ba. Amma wannan maganar ta wata rana ce. Ta yau ita ce ka bar abin nan yadda yake. Kada ka kira yaronka, kada ka kira wanda ya fi shi. Ka ajiye wayar nan, Kawu.

'Yarka.

*

Uwar Musu,

Albishirinki! Muna lafiya, yau ko gwiwar ban ji ba.

Na gama miki aiki. Ban ma tsaya kan yarona ba, don na san shi da taurin kai in ya riga ya rubuta abu. Mai kamfanin da kansa na kira. Ya san ni tun injinansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ya san wanda ya riƙa tashinsu in sun mutu. Na ce masa 'yata tana son ɗakin yanka, an yi kuskure an hana ta, kuskuren kuma daga wajena yake. Ban ji abin da ya ce sosai ba, sai Goggonki ta karɓi wayar, ta ce ya ce an gama, zai yi wa shugaban sashe magana. To sai ki shirya jaka. Ki kula da hannunki, ki sa safar ƙarfen da ake bayarwa ko da wasu sun ce tana rage sauri.

Na rufe wannan ke nan direban yadi ya yi sallama, ya miƙo mini takardarki duk ta yi maiƙo. Wai motarsa ta kwana biyu a gareji, takardar tana cikin aljihun mota. Na buɗe ambulan ɗina na ƙara wannan.

Na karanta. Wace irin yarinya ce ke? Kin ce kina so, na hana, kin zage ni. Na samo miki, tun kafin ki ji kin ce in ajiye waya. Ta ina mutum zai ɓullo miki? Ita wannan Doguwa ban san ta ba, ban san an ba ta komai ba, ba kuma da niyyar cutar ta na yi ba. Allah ya ga zuciyata. Da kin kira Goggonki ta gaya mini, ai da ba a kai nan ba, amma ke sai takarda, don ki samu filin yi mini tsiwa.

Kada ki sa ran zan sake kiran mutumin nan in ce na fasa. Ba zan lashe amaina a gaban wanda yake ganin girmana ba. Kin ce zaman naki ne, bakin naki ne. To ga shi nan. In kin ga dama ki hau ofishin ki ce ba kya so, a mayar wa ƙawarki. Ni na cire hannuna, kuma wannan karon da gaske.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Goggo. Muna lafiya.

Takardarka ta tarar an riga an kira ni. Wannan karon ba wanda ya jawo mini kujera. Shugaban sashe yana zaune, fuska a ɗaure, ko ɗagowa bai yi ba. Ya turo mini takarda fara da biro.

Ya ce, "Rubuta abin da kike so. Ni nawa sa hannu ne."

Na ce, "Yallaɓai, ba za ka tambaye ni ba?"

Ya ce, "In tambaye ki me? An riga an gaya mini daga sama. Na ɗauka mun yi magana ni da ke, ashe kina da wata ƙofar."

Na rantse masa ban san da kiran ba. Ya ce ya ji, da muryar da ke nuna bai ji ba. Sai na tambaye shi, in na ce na fasa, wurin zai koma wa Doguwa? Ya ce zai koma, in dai ni na faɗa da bakina. Na ce to alkawarinmu na karo na gaba fa? Ya ɗago ya dube ni a karo na farko.

Ya ce, "Wannan ya mutu. An kira ni an wanke ni tas kamar yaron da ya fasa kofi, a kan abin da na yi don ganin girman kawunki. Ba zan sake sa sunanki a komai ba, ko don in zauna lafiya. Ki ɗauka yanzu ko ki bari, ya rage naki."

Na riƙe biron nan, Kawu. Ta cikin gilashi ina hango ɗakin guga, ina hango Doguwa tana jan kwandon riguna, an riga an gaya mata. Na san abin da ya kamata in yi, ba sai wani ya faɗa mini ba. Na kuma san in na ajiye biron, a teburin nan zan tsufa.

Na rubuta. Jera kwali ba ɓarnar yadi, riƙe injin yanka ni kaɗai. Maganar da na haddace don in faɗa wa mutum yana saurarena, na rubuta ta a gaban wanda yake kallon bango. Na sa hannu, ya sa hannu.

Da na sauko, masu guga duk suka sunkuyar da kai. Na je na tsaya kusa da Doguwa.

Ta ce, "Kin sa hannu?"

Na ce, "Na sa."

Ta ce, "To. Allah ya ba da sa'a. Ɗan matsa, kin tare mini kwando."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni, da na ji sauƙi.

Kada ka jira godiya daga wajena. Kai ka yi kira biyu ka cire hannunka, ka koma ka miƙe gwiwarka a inuwa. Ni aka bari da biro. Ina fushi da kai, kuma yanzu ina fushi da kaina fiye da yadda nake yi da kai, wannan ma kai ka jawo mini. Inna ta ce in yi haƙuri, nufinka alheri ne. Na sani. Shi ya sa ma abin ya fi ciwo, don ba ni da wanda zan riƙe in ce mugu ne.

Gobe motar kamfani za ta kwashe mu. Zan koyi yankan, zan kuma iya shi, ba zan bari abin da aka ƙwace ya tafi a banza ba. Da na je sallama ofis na tambayi wa za a sa a teburina kafin in dawo. Aka ce ba za a ɗauki kowa ba. Doguwa ce za ta riƙa goge kasona a kan nata.

'Yarka.